Motsa Jiki a Matsayin Maganin Daɗaɗɗen Ciwon Baya a Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan yi wa noma kirari da "na-duƙe tsohon ciniki". Kirarin ya kama sana'ar ne ta wurin siffar mai yin ta, wato mutum a sunkuye, da fartanya a hannu, tun daga sassafe har rana ta take tsaka. A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, irin na ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bici da Kunci da Minjibir, da wuya a zauna a majalisar magidanta cikin damina ba a ji wani yana kukan kwankwasonsa ba. Wasu ciwon kan sake su bayan kwana biyu ko mako guda. Wasu kuwa yakan zaune musu wata da watanni, har a san su da shi kamar yadda ake sanin mutum da sana'arsa. Wannan kashi na biyu shi ne za a yi bayani a kansa a nan, tare da hanyar da masana kiwon lafiya suka fi amincewa da ita a yau wajen magance shi, wato motsa jiki bisa tsari.

Maganar tana da wuyar karɓa ga manomi. Mutumin da aiki ya gajiyar da bayansa, idan aka ce masa maganinsa shi ne ya ƙara motsa bayan, abin da zai fara zuwa ransa shi ne mai maganar bai san wahalar gona ba. Saboda haka bai wadatar a lissafa masa motsin da zai yi ba, sai an fahimtar da shi dalili cikin harshen da yake tunani da shi. Ta nan ne batun ya shafi ɗalibin Hausa, musamman wanda zai koma karkara ya koyar.

2.0 Ƙasar da Irin Aikinta

Tun daga shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ta kewaye birnin Kano, ya kuma nuna cewa tana daga cikin yankunan karkara mafiya yawan jama'a a Afirka ta Yamma. Gona tana jikin gona, ƙauye yana hango ƙauye, kuma ba a barin fili ya zama saura don ya huta. Kowace shekara ana nome shi, taki ne ke riƙe da shi. Inda ƙasa ba ta hutawa kuwa, mai noman ta ma ba ya hutawa.

Tun da bazara ake sharar gona da kai taki, a ɗora mangala a kan jaki, a sauke, a baza. Da ruwa ya sauka sai shuka, sai huɗa da garma, sai noman firi da maimai, waɗanda duk a duƙe ake yin su da fartanya mai gajeriyar ƙota. A wasu sassan Jamhuriyar Nijar, inda ƙasa ke da rairayi, akwai doguwar hauya da ake noma da ita a tsaye, amma manomin Kano bai saba da ita ba. Idan kaka ta yi sai girbin gero da dawa, da cirar gyaɗa, da roron wake, da ɗaurin dammuna da jidarsu zuwa rumbu. Rani ma ba hutu ba ne ga kowa. Wasu na noman rani a bakin madatsun ruwa irin na Tomas da Watari, wasu kuma su tafi birni cin rani, su yi dako ko garuwa ko leburanci.

Mata ba a cika lissafa su ba idan ana wannan magana, alhali nasu aikin ba shi da damina ba shi da rani. Akwai sussuka da surfe da daka, da jan guga, da wanki a sunkuye, da shara da gajeriyar tsintsiya, sau da yawa kuma da goyo a baya.

Abin da ciwon baya ke jawowa a irin wannan wuri ya wuce zafin jiki. Ciyawa ba ta jiran mai ciwo. Magidancin da ya kwanta mako biyu a lokacin noman firi, ko dai ya biya 'yan ƙwadago da kuɗin da ya tanada don taki, ko ya fitar da yaro daga makaranta ya riƙe masa fartanya, ko kuma ya zuba ido gona ta sha ciyawa.

3.0 Baya da Sunayen Sassansa

Hausa tana da kalmomi da dama na wannan sashe na jiki, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. "Baya" ya ƙunshi komai tun daga wuya har zuwa mazaunai. "Gadon baya" shi ne shimfiɗaɗɗen tsakiyarsa. "Ƙugu" shi ne kewayen da zariya ke kamawa, "kwankwaso" kuwa shi ne ƙasan baya, daidai inda mutum ke dafawa da hannu biyu idan ya miƙe daga duƙe. Ciwon da ake magana a kansa a nan shi ne wanda ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙasan mazaunai, ko ya tsaya a nan, ko ya gangara cikin cinya.

Ƙashin baya ba ƙashi ɗaya ba ne. Jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, ɗaya a kan ɗaya: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a kwankwaso, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa. Biyar ɗin nan na kwankwaso su ne mafiya girma, domin su ke ɗauke da nauyin gangar jiki. A tsakanin kowane ƙashi da na kusa da shi akwai wani faifai na guringuntsi, mai tauri a gefe, mai taushi a tsakiya, wanda aikinsa aikin gammo ne ga mai ɗaukar kaya. Ta tsakiyar jerin ƙasusuwan laka ta ratsa, daga gare ta kuma jijiyoyi suka fita zuwa ƙafafu. Kewaye da duk wannan akwai tsokoki hawa-hawa. Na waje su ne manya masu ɗaga kaya. Na ciki ƙanana ne, wasu suna manne da ƙashin bayan, wata kuma ta naɗe ciki kamar ɗamara, kuma aikinsu shi ne riƙe gaɓoɓin bayan daidai yayin da manyan ke aiki.

Ya kamata a lura da kalmar "jijiya". Bahaushe da ita yake kiran hanyar jini, da ita yake kiran igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, da ita kuma yake kiran zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Idan ma'aikacin lafiya ya ce wa manomi "jijiya ce", bai gaya masa komai ba tukuna, shi kuwa manomin zai cike giɓin da abin da ya fi tsoro.

4.0 Ma'anar Daɗaɗɗen Ciwon Baya

A wurin masana, ciwon baya yakan zama daɗaɗɗe idan ya wuce wata uku. Ba matsalar Kano ba ce kaɗai. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita ta nuna cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a duniya, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 a shekarar 2050. Shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke hana mutane gudanar da harkokinsu.

Kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo, idan aka bincika ba a samun wata cuta guda da za a nuna a ce ga ta. Babu karaya, babu ƙari, babu ƙwayar cuta. Ko hoton asibiti ba ya raba gardama yadda ake zato. Wani nazari da aka buga a shekarar 2015 ya tattara hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai, sai aka tarar kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 suna da alamar tsufan faifan guringuntsi, a cikin 'yan shekara 80 kuwa kashi 96 ne. Wato ke nan yawancin abin da hoto ke nunawa furfura ce ta cikin jiki, ba lallai ne ita ce sanadin ciwon ba.

To, idan babu rauni, me ke kawo zafin? Raunin tsoka ko na jijiya yakan warke cikin makonni. Amma a jikin wasu mutane, hanyoyin da ke kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa sukan ci gaba da zama a faɗake bayan wurin ya warke, kamar karen da ɓarawo ya taɓa shigo wa gida, wanda daga ranar ko ganye ya motsa sai ya yi haushi. Zafin gaskiya ne, ba raki ba ne, sai dai ba ya nufin ana ƙara ɓarna a cikin bayan. Rashin barci da damuwa da tsoro duk suna ƙara wa karen nan kaifin kunne. Daga nan sai mutum ya shiga tsoron motsi, ya riƙa tafiya a sanƙare, tsokoki su yi rauni, gaɓoɓi su ƙage, ɗan aiki kaɗan ya tayar masa da ciwon, shi kuma ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa bayansa ya lalace.

Akwai ɗan kashin da ya rage, wanda ba a wasa da shi. Idan ciwon baya ya zo tare da zazzaɓi ko rama ko gumin dare ko tari mai daɗewa, ana iya zargin tarin fuka na ƙashin baya, wanda har yanzu ana samun sa a ƙasar nan. Haka kuma idan ƙafafu suna rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, ko fitsari da bayan gida suna kuɓucewa ko fitsari ya ƙi fita, ko ciwon ya biyo bayan faɗowa daga itace ko haɗarin babur, ko mutum yana da tarihin ciwon daji. Mai irin waɗannan alamu asibiti ya kamata a kai shi ba tare da jinkiri ba, kuma bayanin motsa jiki da zai biyo baya ba nasa ba ne sai likita ya duba shi.

5.0 Hanyoyin da Aka Saba Bi

A karkara, ciwon baya yakan samu fassara tun kafin ya samu magani. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce basir ne, wani ya ce mataccen jini ne ya taru. Kowace fassara da nata mai maganin. Wanzami zai yi ƙaho ko tsaga, mai maganin gargajiya zai ba da jiƙo, a gida kuma a yi gashi da ruwan zafi, a shafa man zafi, ko a sa yaro ya tattaka bayan. Wanda ya je kemis, sai a ƙulla masa haɗin ƙwayoyi a leda, sau da yawa bai san sunan ko ɗaya ba.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tausa da ɗumi suna kawo sauƙi na ɗan lokaci, kuma babu laifi a cikinsu. Tsaga da askar da ba a tsabtace ba tana iya ɗauko wa mutum ciwon hanta. Ƙwayoyin kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac suna da amfani idan an sha su na 'yan kwanaki bisa shawarar ma'aikacin lafiya, amma shan su wata da watanni yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Tramadol kuwa, wadda wasu 'yan ƙwadago ke sha don su jure dogon aiki, tana kama mutum har ya kasa rabuwa da ita. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 game da daɗaɗɗen ciwon kwankwaso, ta yi gargaɗi a kan amfani da wannan dangin magunguna, da ɗaura ɗamarar asibiti, da jan baya da na'ura. Abubuwan da ta goyi baya sun haɗa da ilimantar da mai ciwo da kuma shirin motsa jiki.

Abin da ya haɗa yawancin hanyoyin da aka saba shi ne, a cikinsu mai ciwo yana kwance ne ana yi masa. Kwanciya ita ce shawarar da kowa ke bayarwa, kuma likitocin Turai ma sun daɗe suna bayar da ita. A shekarar 1986 aka gwada a Amurka, aka ce wa wasu masu sabon ciwon baya su kwanta kwana biyu, wasu kwana bakwai. 'Yan kwana biyun sun riga komawa bakin aiki, kuma 'yan kwana bakwan ba su fi su warkewa ba. A 1995 wani gwajin a ƙasar Finland ya nuna cewa waɗanda suka ci gaba da harkokinsu gwargwadon iyawa sun riga waɗanda suka kwanta samun sauƙi. Tun daga wannan lokaci aka daina ɗaukar doguwar kwanciya a matsayin magani.

6.0 Shin Noma Ba Motsa Jiki Ba Ne?

Wannan ita ce tambayar da manomi zai yi, kuma tambaya ce mai ma'ana. Amsar ita ce, noma aiki ne, aiki kuma daban, motsa jiki na magani daban. Mai noman firi yakan shafe sa'o'i a siffa ɗaya, yana maimaita motsi ɗaya, galibi da ɓangare ɗaya na jiki. Tsokokin da ke wannan aiki suna gajiya fiye da kima, waɗanda ba a taɓa ba kuma suna nan a sake. Ba jikinsa ke yanke masa yawan aikin ba, ruwan sama da ciyawa ne ke yankewa. Bayan haka, aikin ba ya zuwa daki-daki. Mutum yakan yi watannin rani da ɗan sauƙin aiki, ranar da ruwa ya sauka kuma ya faɗa wa gona gaba ɗaya.

Motsa jiki na magani kuwa awo gare shi. Ana fara shi kaɗan, a ƙara sannu a hankali, a ba jiki hutu a tsakani, a kuma juya baya ta fuskokin da aikin yau da kullum ba ya juya shi. Yana ƙarfafa tsoka, yana sassauta gaɓoɓi, sannan yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa motsi ba haɗari ba ne. Wannan na ƙarshe bai gaza sauran muhimmanci ba.

Kada a fahimci cewa duƙawa ita kanta ɓarna ce. An halicci baya ne don ya lanƙwasa. Matsalar tana cikin yawan aikin da rashin hutu da rashin sauyi. Haka kuma kada a zuzuta maganin fiye da ƙarfinsa. A shekarar 2021 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 249, ta tarar motsa jiki yana rage zafin daɗaɗɗen ciwon baya da kimanin maki 15 a ma'auni mai maki 100, idan aka kwatanta da rashin magani ko kulawar da aka saba. Sauƙi ne matsakaici, ba warkewa ta dare ɗaya ba. Amma sauƙi ne da ba a saye da kuɗi, ba ya taɓa ƙoda, kuma yana hannun mai ciwon.

7.0 Gwajin Tsakuwa

Yawancin waɗancan gwaje-gwaje a ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya aka yi su, a kan mutanen da ke da asibiti kusa da gida. A Kano, masana gashin ƙashi sun fi yawa a cikin birni, a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mutumin Kunci ba zai iya zuwa Dala sau biyu a mako ba. Don haka akwai buƙatar a san ko hanyar za ta yi aiki a ƙaramin asibitin ƙauye.

Wasu masana na Jami'ar Bayero, Aminu Alhassan Ibrahim da abokan aikinsa, sun gwada haka a garin Tsakuwa ta Ƙaramar Hukumar Dawakin Kudu, suka buga sakamakon a shekarar 2023. Tsakuwa tana kudu da birni ne, amma noma da zaman jama'arta irin na sauran karkarar Kano ne. Sun ɗauki mutum 120 masu daɗaɗɗen ciwon baya, suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka koya musu motsa jiki mai horar da tsokokin ciki masu riƙe baya, kashi na biyu aka ilimantar da su game da ciwon, kashi na uku kuma aka haɗa musu biyun. An yi mako takwas ana aikin, aka kuma sake auna su a mako na 20. Dukkan rukunan sun samu sauƙi, amma waɗanda aka haɗa wa bayani da motsi sun fi waɗanda aka yi wa bayani kaɗai samun raguwar zafi da komawa harkokinsu. Ta fuskar rage tsoron motsi kuwa, waɗanda suka samu bayani sun fi waɗanda aka koya wa motsi kaɗai.

Kafin a yi wannan awo, sai da aka fassara ma'aunan zuwa Hausa. Ɗaya daga cikinsu shi ne ma'aunin Oswestry, wanda aka ƙirƙira a Ingila a 1980, mai tambayoyi goma a kan abubuwa irin su zama da tsayuwa da tafiya da barci da ɗaukar kaya. An buga fassararsa ta Hausa a 2019. Aikin lafiya ne, amma rabinsa aikin harshe ne.

8.0 Matsalar Kalma

Babban saƙon da ake son mai ciwo ya karɓa shi ne cewa jin zafi ba ya nufin ana yi wa baya lahani. Faɗar wannan da Hausa yana buƙatar lura, domin kalmar "ciwo" ta haɗe abubuwa uku. Ciwo shi ne zafin da ake ji, ciwo shi ne cuta, ciwo kuma shi ne rauni. "Yana jin ciwo" na nufin yana jin zafi, "ya ji ciwo" kuwa na nufin ya samu rauni. Bambancin da ke tsakaninsu bai wuce na lokacin aikatau ba. Mai bayanin da ya ce "ciwon ba ciwo ba ne" ya rikita mai sauraro. Dole ya ware kalmomin, ya ajiye "zafi" da "zogi" da "raɗaɗi" a gefe ɗaya, "rauni" da "lahani" a ɗaya gefen, sa'annan ya ce zogin yana nan, amma raunin ya warke.

Sunan sana'ar ma yana da nasa tasirin. "Gashin ƙashi" yana sa mutum ya zo da tsammanin za a kwantar da shi a gasa masa baya da fitila. Idan aka shimfiɗa masa tabarma aka ce ya ɗaga ƙafa, sai ya ga kamar an hana shi magani. "Motsa jiki" kuwa a kunnen dattijo wasan samari ne da 'yan ƙwallo, abin da bai dace da girmansa ba. Wataƙila "horar da baya" ya fi kusa da tunanin manomi, domin ya san yadda ake horar da shanun huɗa: ba a ɗora wa ɗan maraƙi garma ranar farko.

Akwai kuma kalmomin da ya kamata a guje musu. "Ƙashinka ya goce", "bayanka ya zaizaye", "gaɓar ta cinye", duk maganganu ne da kan fito daga bakin mai duba hoto cikin daƙiƙa ɗaya, su zauna a zuciyar mai ciwo shekaru.

9.0 Yadda Ake Horar da Bayan

Abin da ya fi dacewa shi ne ma'aikacin lafiya ya fara duba mutum, ya nuna masa motsin da idonsa. Ba a buƙatar kayan aiki in ban da tabarma. Akan fara ne a kwance rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Mutum ya janye mararsa ciki a hankali kamar mai shirin ɗaure zariya, ya riƙe gwargwadon ƙirga goma yana numfashi yadda ya saba, ya saki, ya maimaita sau goma. Motsin ƙarami ne, har mai kallo ba zai ga ana yin komai ba, amma shi ke tayar da tsokar nan mai kama da ɗamara. Daga nan sai ya jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ya sauya ɗayar, sa'annan ya kwantar da gwiwoyin biyu dama da hagu. Idan wannan ya zauna, sai ya riƙa ɗaga mazaunai sama daga kwancen, kafaɗu da ƙafafu suna ƙasa.

Bayan mako biyu ko uku akan koma siffar rarrafe. Mutum ya gantsare bayan, ya kuma ƙudundune shi, a hankali. Sai ya miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya a lokaci ɗaya, ba tare da ƙugu ya karkata ba, ya sauya. Matakin ƙarshe shi ne a kai horon cikin aikin kansa, wato tashi daga tsugune, da ɗaga bokitin ruwa kusa da jiki, da duƙawa a ɗauki abu ba tare da ɗauke numfashi ba. Minti 15 zuwa 20 sun isa, bayan sallar asuba ko da yamma.

Tafiya a ƙasa ma magani ce. Wani gwaji da aka buga a 2024, wanda aka yi a Ostareliya a kan mutum 701 da suka farfaɗo daga ciwon baya, ya nuna cewa waɗanda aka tsara wa tafiya tare da bayani sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya sake hana su aiki, sauran kuwa kwana 112. Mutumin karkara yana da wannan a hannu, sai dai babur ya fara raba shi da ita. Matan da ba sa fita kuwa, zagayen tsakar gida yana wadatarwa, kuma sun fi sakin jiki idan mace ce ta koya musu, a ɗaka, ba a gaban surukai ba.

Ɗan ƙarin zafi a makon farko ba abin tsoro ba ne, muddin ya lafa kafin washegari. Idan ya wuce haka, an yi gaggawa ne, sai a rage yawan motsin, ba a daina ba. Idan kuwa zafin ya riƙa gangarawa ƙafa yana ƙaruwa, ko ƙafar ta fara mutuwa, a tsaya a koma wurin ma'aikacin lafiya.

Lokacin farawa shi ma abin lura ne. Wanda ya bari sai tsakiyar damina, ya haɗa wa bayansa horo da noma a lokaci ɗaya. Mako takwas ɗin da ake buƙata sun fi dacewa da watannin Maris da Afrilu, kafin ruwan shuka. Idan aka shiga noma kuma, manomi ya riƙa miƙewa a ƙarshen kowace kunya ko biyu, ya dafa kwankwaso da hannuwansa, ya ɗan gantsara baya sau uku ko huɗu kafin ya sake duƙawa. Manoma da yawa suna yin haka da kansu, sai dai sukan jira sai bayan ya riƙe. Abin da ake so shi ne a yi tun bai riƙe ba, a sauya hannun da ke gaba a ƙotar fartanya lokaci-lokaci, a kuma raba buhun taki gida biyu idan za a kai shi ƙarshen gona.